Jirgin Dubai da Kwarin Gonar Inna Dado

Duk wanda ya sake ce mini duniya ta ƙanƙance, ya zo in kai shi gonar Inna Dado ya gani da idonsa. Sunana Rukaiya, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Tanut, Inna Dado kuwa yayar mahaifiyata ce. A ɗakinta na girma, da hannunta na sha fura, saboda haka ba zan yi muku ƙaryar cewa ba ni da ɓangare a wannan labari ba. Ina da shi, kuma har yau raina a ɓace yake.

An haife ta a wajen Falanko, aure ya kawo ta wani ƙauye na ƙasar Ollelewa. Gajeriya ce, baƙa, mai kaurin hannu, kuma magana ba ta dame ta ba. In ta ce maka "to", sai ka koma gida ka yi ta tunanin wane irin "to" ne. Mijinta Abdulgani manomi ne, bai taɓa yin wata sana'a ba. Gonarsu tana gabas da gari. Daga bakin hanya tudu ne, rairayi zalla, sai ta gangara a hankali zuwa wani kwari inda ruwa ke kwanciya. Wannan kwarin shi ne gonar, sauran duk rakiya ce. Shekarar da damina ta yi gardama, tudu ya ƙone, kwarin ne ke ciyar da gidan. Kuma ba haka Allah ya ba su shi ba. Abdulgani ya yi ta saukar da Fulani da shanunsu a wurin kowane rani, ita kuma Inna ta yi ta jigilar shara da toka da kashin awaki a ka, kwando bayan kwando, har ƙasar ta yi baƙi.

Sanƙarau ya ɗauke Abdulgani cikin kwana kaɗan. Ya bar mata ɗa namiji guda, Zakiyyu, wanda shi ne ɗan farinta, da ƴan mata biyu ƙanana. Ya kuma bar mata wansa, Sule.

Baba Sule mutum ne mai carbi a hannu da taushin murya. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ban kuma taɓa ganin ya so abu ya rasa ba. Ko sadakar arba'in ba a yi ba ya isa gaban maigari. Ya ce gonar ta gandun ubansu ce, ba a taɓa raba ta ba, kuma ba zai zuba ido ƙasar gidansu ta zama saura a hannun mace da yaro ba. Allah ya ba shi ƴaƴa maza huɗu, in ji shi, su kuwa baki ne da ke son abinci.

Dattawa suka zauna, suka yanke abin da suke gani adalci ne. Gona za ta zauna a gidan marigayi muddin namijin gidan ne ke saran ta da ruwan shuka. Shekarar da ruwa ya sauka ba a ga namiji da sungumi a cikinta ba, dangi na da ikon shiga su shuka don kada ƙasa ta kwana banza, kuma inda mutum ya shuka ya zama a hannunsa. A wajenmu haka shuka take: namiji yana gaba da sungumi yana saran rami, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Baba Sule ya amince da hukuncin da sauri, domin a lissafinsa yaron da bai fi shekara goma sha biyu ba ba zai iya sare wannan gona ba.

Inna ta ɗauki sungumin mijinta ta kai wa maƙeri ya rage masa ƙota. Da ruwa ya sauka ta sa Zakiyyu a gaba, ita da ƴan matan a baya. Yana kuka yana sara, tana biye ba ta ce masa sannu ba, har suka fita ɗaya gefen. Haka aka yi shekara da shekaru. Ta aurar da ƴan matan da geron wannan kwari, ta yi wa Zakiyyu aure da shi, ni ma da shi aka saya mini littattafan lakwal.

Da Zakiyyu ya girma sai ya shiga cin rani kamar sauran samarin yankinmu na Damargu. Ana gama girbi ya ɗaura jaka. Ya yi Damagaram, ya yi Kano, ya yi Agadas, daga baya ya kai har Sabha ta ƙasar Libiya. Amma duk inda ya je, zafi na fara tsananta za ka gan shi ya dawo. Lokacin da yake Sabha ma ya fi saurin dawowa, domin yana tsoron hanyar. Ya san sai ya jira mota ta cika, ya san tana iya mutuwa a tsakiyar sahara, saboda haka yakan taso tun da sauran wata guda ko fiye. Ya iso ya gyara rumbu, ya share gona, ya zauna yana kallon gabas tare da kowa. Nisan Sabha bai taɓa cutar da Inna Dado ba.

Sai wani abokinsa ɗan Belbeji ya samo masa aiki a Dubai. Zakiyyu ya tashi cikin Buzaye maƙwabta, ya san raƙumi ciki da waje, can kuma Larabawa na neman masu kula da raƙuman tsere. Ya tafi bayan girbi, ya bar matarsa Zalika da ciki a wurin Inna. Duk ƙarshen sati in na je gida, sai in hau tudun da ke bayan gari inda wayar salula ke samun rezo, wato sabis, in ɗauko saƙonsa in kawo musu. Yana nuna mana raƙuma masu shan madara da zuma, da ɗakunansu da suka fi ajin da nake koyarwa kyau. Mun yi dariya, mun yi murna, ba zan ɓoye ba.

Da zafi ya kai zafi, masu cin rani a Libiya da Aljeriya suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, Zakiyyu shiru. Na kira shi.

Na ce, "Yaya, kowa ya dawo. Kai yaushe?"

Ya yi dariya. "Rukaiya, ke fa malama ce. Buɗe salularki ki duba mana. Dubai zuwa Yamai, in ka haɗa da sauka Adis Ababa, awa goma ce a sama. In na yi asuba a nan, la'asar a Yamai zan yi ta. Ai nan ya fi Sabha kusa."

"Kilomita kusan dubu shida ne ya fi Sabha kusa?"

"Wa ke ƙirga kilomita yanzu? Ai awa ake ƙirgawa."

"To Yamai ce Ollelewa?"

"Haba, in na taka Yamai ai na zo gida. Ki bari in cika wa'adina wurin mutumin nan. Ranar da ruwa ya sauka ki bugo, gobe warhaka kina ganina."

Na ji kamar in jefa salular cikin rijiya. Mutumin da ya haye sahara a bayan mota yana riƙe da sanda don kada ya faɗo, mutumin da ya san abin da ake kira hanya, shi ne yau wani hoton jirgi a cikin salula ya ruɗe shi. Na ce to, akwai wadda in ta yi magana ba zai ja ba. Na sauko na jawo Inna har kan tudun, tana haki, na sake kira na miƙa mata.

Ta karɓi salular ta riƙe nesa da fuskarta, ta kau da kai. Ita da shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa hira ido da ido ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji, haka aka tarbiyyantar da ita.

Ta ce da ni, "Tambaye shi ko yana cin abinci."

Ya ji, ya amsa da kansa. "Ina ci, Inna. Inna, na ce in ruwa ya sauka a kira ni, kwana ɗaya ne na iso."

Na zuba mata ido. Kalma ɗaya nake jira. Ta ce masa taho, shi ke nan, wallahi da a satin ya taso.

Ta ce, "To. Allah ya kai mu."

Muna saukowa na fashe. Na ce, "Inna, me ya hana ki ce masa ya taho? Kin san Baba Sule bai manta ba!"

Ta tsaya ta dube ni kamar na yi ashar. "Ni in buɗe baki in ce wa ɗan fari ya taho ina bukatarsa? Da wane bakin? Shi bai san damina ba ne?"

Ina son Inna Dado fiye da yadda zan iya faɗa, amma ranar na ji haushinta har cikin ƙashina. Matar da ta tsaya da ƙafafunta ta hana a ƙwace gona, ta kasa gaya wa ɗan da ta haifa kalma guda.

Ruwan ya sauka ranar wata Alhamis bayan la'asar, an riga an ba mu hutu ina gida. Ruwa ne na gaske. Da ya ɗauke aka tona ƙasa, laima ta kai gwiwar hannu. Gari ya ruɗe da murna, kowa na fiddo iri. Na ruga tudun bayan gari cikin caɓi na kira Zakiyyu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Gobe warhaka ina Yamai."

Wanda bai san rairayin Damargu ba ba zai gane abin da ke cikin wannan magana ba. Laimar shuka a wajenmu ba ta jiran kowa. Kwana biyu ne, in an yi sa'a uku, rana ta shanye ta. Wanda bai shuka a ciki ba sai ya jira wani ruwan, wanda ba a san ranarsa ba.

Washegari gari ya watse, ba ka jin komai sai ƙarar sungumi. Inna ta ɗauki ƙwaryar irinta, irin da ta zaɓa zangarniya zangarniya tun bara, ta je bakin gona ta zauna. Ni da Zalika, da jaririnta a baya, muka zauna kusa da ita. Can na tashi na hau tudun bayan gari na kira Zakiyyu. Ashe paspo ɗinsa yana hannun Balaraben da yake wa aiki, Balaraben kuma ya yi tafiya, sai ya dawo. Wannan ba ya cikin awa goman.

Da yamma Baba Sule ya biyo ta hanyar, ya gama saran rabin gonakinsa. Ya tsaya ya yi sallama cikin ladabi.

"Dado, barka da ruwa. Ina maigidan naki?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana hanya, Yaya."

"Madalla. Ai na ji an ce awa goma ce. Allah ya kawo shi lafiya."

Ya wuce yana jan carbi. Da na sami dutse a wannan rairayin, ban san abin da zan yi ba.

Kwana na biyu Zakiyyu ya sami paspo, bai sami wuri a jirgi ba. Wanda ke da wuri kuma sai bayan kwana biyu, domin ba kullum jirgin Yamai ke tashi ba. Muryarsa ta canza, dariyar ta tafi. A ranar Baba Sule ya je wurin maigari ya tuna masa hukuncin da aka yanke shekara ashirin da suka wuce, kalma bayan kalma. Maigari ya ce a ba yaron zuwa gobe da hantsi.

Da asubar kwana na uku na ji motsi a tsakar gida. Na fito na tarar da Inna ta ci ɗamara da tsohon zane, sungumin Zakiyyu a kafaɗarta.

Ta ce, "Ku ɗauko iri."

Matar da ta haura sittin. A ƙauyen ba a taɓa ganin mace da sungumi ba. Na ɗauki ƙwarya, Zalika ta ɗauki ɗaya.

Da muka isa ta tsaya a bakin hanya, kan tudu, ta yi bisimilla ta ɗaga sungumi. Na riƙe hannunta.

"Inna, mu fara da kwari. Kwarin suke so."

Ta fizge. "Ke da kika yi lakwal ba ki san ƙasa ba. Tudu ke fara bushewa, shi ake fara shukawa. Kwari yana riƙe laima har jibi. Haka uban yaron nan ke yi, haka yaron ke yi."

"Inna, yau ba ranar noma ba ce, ranar faɗa ce!"

"In suka zo suka gan ni a ciki da sungumi, kunya ba za ta bar su su shiga ba."

Ta fuskar noma gaskiyarta ne, duk manomin Damargu zai ba ta gaskiya. Abin da ba ta sani ba shi ne, kunyar da ta hana ta magana da ɗanta ba ta taɓa kwana a gidan Baba Sule ba.

Ta shiga sara. Da farko layinta ya karkace, ramukan wani kusa wani nesa, daga baya hannunta ya faɗa. Muna biye muna jefa iri muna takewa. Mutanen da ke wucewa suka riƙa tsayawa suna kallo, wasu suna salati, wasu suna rufe baki suna dariya. Babu namiji ɗaya da ya ce kawo in karɓa miki. Ko da ya karɓa ma ba namijin gidan ba ne, haka suka faɗa daga baya, wai don su wanke kansu.

Da hantsi ya yi sai ga su. Ƴaƴan Baba Sule huɗu, kowa da sungumi, matansu na biye da ƙore. Ba su bi ta bakin hanya ba. Suka zagaya ta gabas, suka sauka kai tsaye cikin kwarin, suka jera. Na ga Inna ta tsaya cak, sungumi a sama. Sannan ta sauke shi ta ci gaba, da sauri yanzu, kamar za ta iya tsere wa ƙarti huɗu.

Rana ta take. Tafin hannunta ya yi ƙulu ƙulu ya fashe, ƙotar ta jiƙe. Zalika ta yage bakin zanenta ta ɗaure mata. Ta ƙi shan ruwa, ta ƙi zama. Ni kuwa ina jefa iri ina zagi, ban bar kowa ba: Baba Sule, da maigari, da dattawan da suka ga adalci ne a ɗaura gonar mace a wuyan yaro, da Zakiyyu, da wanda ya ƙera jirgin sama.

Bayan azahar muka haɗu da su daidai wata aduwa da ke tsakiyar gangaren. Ramin Inna na ƙarshe da ramin Yusuf, babban ɗan Baba Sule, bai fi taku ɗaya tsakaninsu ba. Yusuf ya kasa haɗa ido da ita. A bayanta ya yi wayo, ita ta yi masa wankan jarirai.

Ta ce, "Yusufa, ka gama?"

Ya ce, "Inna, Baba ne ya ce."

"Na sani. Na ce ka gama?"

Ta juya ta saɓa sungumi, muka bi ta. Sai da muka shiga gida ta zauna a ƙofar ɗaki, ta kasa ɗaga moɗa da hannunta. Ni na ba ta ruwa a baki.

Na je wurin maigari da kaina, ban ko tsaya neman iso ba. Ya saurare ni har na gaji. Ya ce shi ma abin bai yi masa daɗi ba. Inda Dado ta sara ya bar mata, ko da yake mace ce, don an tarar da iri a ƙasa. Inda ƴaƴan Sule suka sara kuwa, ba a tone shuka, tun kakanni ba a yi. Ya faɗe shi a hankali kamar mai ba ni magani.

Zakiyyu ya iso bayan sati guda, a bayan kabu-kabu, da akwati mai taya da ya cika da rairayi. Gero ya riga ya tsiro. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya zauna a tsakar gida yana ba da labari ba wanda ya tambaye shi. Balaraben ya ce in ya tafi kafin wa'adi kada ya dawo, ya taho. Ya yi zaman jira a Adis Ababa. Ya ce a cikin jirgin akwai wani ɗan allo a bayan kujera da ke nuna inda ake, ya ga sunan Damagaram ya matso kusa da hoton jirgin, ya ga ya wuce. Ya bi ta kan ƙasarsu a sama, aka kai shi Yamai, kilomita wajen ɗari tara gaba, sannan ya shiga kar, babbar motar fasinja, ya dawo baya. Ruwa ya yanke hanya a wani wuri suka yini. Daga Damagaram ya jira mota ta cika, daga Bakin Birji ya nemi kabu-kabu.

Sai ya ɗago ya dube ni, wai shi mai son a ba shi gaskiya ko yaya. "Amma Rukaiya, jirgin kansa fa awa goma ya yi. Ban yi ƙarya ba."

Na ce, "Sai ka je ka shuka a cikin jirgin."

Inna ta sa Zalika ta kai masa ruwa. Da ya ga hannuwanta a ɗaure ya tambayi abin da ya same ta, Zalika ta gaya masa. Ya tashi ya shiga bayan ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Ya je wurin maigari ya yi ihu, ya je ƙofar Baba Sule ya yi ihu. Baba Sule ya fito ya ce masa sannu da hanya, ya tambaye shi labarin raƙuma. Na ce mu kai ƙara Tanut, na san inda ake shiga. Inna ta ce muddin tana numfashi ba za a kai wan mijinta gaban alƙali da sunanta ba. Na yi mata magiya, na yi fushi na koma Tanut, na sake dawowa. Ko gezau.

Zakiyyu ya kama hauya ya yi noman tudun kamar zai kashe kansa. Ya yi na fari, ya yi maimai, ciyawa ɗaya bai bari ba. Amma cikin watan takwas ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da gero ke fidda kai. Tudu ya yi fari, ganye ya naɗe. Kwarin kuwa, daga aduwar nan zuwa gabas, yana tsaye kore shar, yana cin tokar da Inna ta yi shekara talatin tana kai masa. Kullum sai sun gan shi, domin ba yadda za ka tsaya a tudun ba ka kalli kwarin ba.

Da aka yi girbi, abin da suka samu ko gindin rumbu bai rufe ba. Amalanken Baba Sule kuwa ya yi ta kai da komo ta ƙofar gidanmu, don hanyar ke nan.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina gida, muka ji sallama. Yusuf ne da amalanke, da mutum biyu daga cikin dattawan gari a bayansa. A kan amalanken damin gero ne manya manya guda uku, zangarniya dogaye cike da ƙwaya. Ko makaho ya shafa ya san daga inda suka fito.

Yusuf ya durƙusa, idonsa a ƙasa. "Inna, Baba ya fidda zakka. Ya ce a kawo nan, wai ba gidan da ya fi gidan ɗan'uwansa cancanta."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Zakiyyu ya riga ni. Ya kama dami ɗaya ya ɗaga sama zai wurga shi waje.

Inna ta ce, "Kai. Ajiye."

"Inna, geronmu ne fa! Geronmu ne za a kawo mana sadaka?"

"Na ce ajiye. Leƙa rumbun can ka gani. Matarka na shayarwa, rani bai ko fara ba."

Ya tsaya da damin a hannu. Dattawan nan biyu suna kallo, an kawo su ne dama don su gani su ba da labari. A hankali ya sauke shi ƙasa. Na ɗauka an gama. Amma wanda aka ba zakka ba ya karɓa baki a rufe, kuma ba mace ke amsawa ba in da namiji a gida.

Inna ta ce, "Kai ne maigida. Yi musu addu'a."

Ya dube ta. Ba ta dube shi ba, tana kallon tafin hannunta. Yusuf na durƙushe yana jira, dattawan sun riga sun ɗaga hannuwa.

Zakiyyu ya ɗaga nasa hannuwan.

"A gaya wa Baba mun gode. Allah ya karɓa. Allah ya ƙara wa gonarsa albarka."

Dattawan suka ce amin, suka shafa.